Hajiyar da ke koya wa yara magana



Yau zan tuna da wata baiwar Allah da muka rasa kwanan nan. Ba zan kama suna ba, iyalanta ba sa son haka. Uwa ce, kaka ce, ta yi ritaya daga aikin asibiti. Aikin nata fa? Gyaran magana. Yaron da ya makara bai fara magana ba, mai in'ina, dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye harshe ya karye, duk wurinta ake kai su.

Da ta dawo gida, tsakar gidanta ya koma asibiti. Mata daga Kiru da Bebeji, wasu har daga Doguwa sun ratso dajin Falgore da goyo. Tambayarta ta farko kullum ɗaya ce: an duba kunnensa? Don yaron da ba ya ji sosai ba zai iya kwaikwayon magana ba, kuma sanƙarau da ƙyanda suna kashe kunne. Sai ta tura su sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano, ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Idan kurumta ce, ta yi musu kwatancen makarantar Tudun Maliki a Kano.

Mu kuwa me muke yi? A ce iska ce ta taɓa shi. Ko a kira wanzami ya yanka ƙarƙashin harshe. Ko a bar abokai su yi ta kwaikwayonsa har ya daina ɗaga hannu a aji, kuma wallahi wannan ya fi min ciwo, don mu matasa ne ke yi.

In'ina yawanci tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5, ta fi kama maza, kuma yawancin yara tana barin su. Hajiya takan ce wa iyaye kada su ƙarasa wa yaro kalma, kada su yi masa tsawa. A zauna, a kalle shi, a jira.

Ranar 22 ga Oktoba ce ranar wayar da kai kan in'ina ta duniya. Malaman firamare na Tudun Wada da kewaye, ku turo mana saƙo, muna son mu shigo azuzuwanku ranar.

Allah ya jiƙan Hajiya, ya albarkaci jikokinta. Sai shiri na gaba.