Jawabi a kan Karɓar Ɗalibai Baƙi Cikin Ƙungiyar 'Yan Sikawut



Maganarmu a yau a kan ɗaliban da ke zuwa karatu daga wasu ƙasashe ce, musamman na shirin musaya, wato waɗanda ke zama da wani iyali na shekara guda sa'an nan su koma gida. Wasu daga Kamaru, Cadi ko Nijar suke, Faransanci ne harshen makarantarsu. Yaron da ba ya jin harshen gari, ba shi da aboki, kaɗaici yakan kai shi hannun miyagun abokai. Ƙungiyarmu ta 'yan sikawut tana iya tare wannan.

Tun tushenta, ƙungiyar nan ta haɗa bare da bare ce. A 1907 Baden-Powell ya tara yara 20 a tsibirin Brownsea na Ingila, 'ya'yan masu hali da na talakawa, ya gauraya su cikin rukuni 4. Aikin ya iso Nijeriya a 1915. A 1920 aka yi babban taron duniya na farko a Landan, yara wajen 8,000 daga ƙasashe 34. Saboda haka ɗan sikawut na Garwa ko Maraɗi ya riga ya san gaisuwa da hannun hagu, ya san ƙullin igiya. Ɗan'uwa ne tun kafin ya iso.

Mu ma 'ya'yanmu sun yi baƙunci. Daga 2003, shirin YES ya kai ɗaliban sakandare daga arewacin Nijeriya Amurka, inda iyalai suka riƙe su. Abin da muka so a yi wa namu, shi za mu yi wa na wasu.

Ga shawarwarinmu guda huɗu.

Na ɗaya, kada a tara baƙi wuri guda. A rarraba su cikin ƙananan rukuni na yara shida zuwa takwas, a haɗa kowane da aboki ɗaya.

Na biyu, a ba baƙo aiki tun makon farko, ko hura wuta, ko riƙe tuta, ko koya wa sauran wasan ƙasarsu. Ranar da aka danƙa wa yaro aiki, ranar ya zama ɗan gida.

Na uku, kuɗin yunifom da na zango kada su hana kowa shiga. Iyaye, tsohon yunifom da ke cikin akwati, a fito da shi.

Na huɗu, a tambayi baƙo abin da yake ci da wanda ba ya ci, a kuma girmama addininsa ba tare da tilas ba. Kafin a kai shi zango, a nemi izinin masu riƙonsa a rubuce, manya biyu kuma su kasance tare da yaran koyaushe.

'Yan'uwa, Ibraniyawa 13:2 ta gargaɗe mu kada mu yi sakaci da baƙi. Hausawa kuma sun ce baƙo raɓa ne. Zai tafi, amma labarin da zai kai ƙasarsu game da mu, mu ne muke rubuta shi yau. Mu tuna, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allah ya sa albarka.