Daga Juji Zuwa Taki: Sarrafa Shara a Makarantu da Jami'o'i



Duk mai son sanin yadda al'umma ta ɗauki wani abu, to, ya dubi sunayen da ta ba shi. Bahaushe yana da shara, watau abin da tsintsiya ta tara. Yana da juji ko bola, inda ake zubar da ita. Sa'an nan yana da taki, watau abin da jujin ke zama in ya ruɓe. Waɗannan kalmomi uku zango-zango ne na tafiya guda, wadda ke farawa daga tsakar gida ta ƙare a gona.

Birnin Kano shaida ne. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin tun wajen 1960 da 'yan kai. Ya nuna cewa manoma na noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta gaji ba, kuma taki na daga cikin manyan dalilan haka. Da rani jakuna kan shigo birni da itace, su koma da mangala cike da toka da kashin dabbobi. Haka abin yake a sauran sana'o'i. Marina kan ƙona katsin da ya kwanta a gindin marina, magina kuma su yi laso da shi. Dusa ta dabbobi ce, ƙanzo na miya ko kwaɗo ne, tsohon gwangwani kuwa ya zama fitilar aci-balbal.

To, ina wannan hikima take a makarantun yau? A yawancinsu akwai wani lungu a bayan ɗakin kwanan ɗalibai inda ake jibge kome a haɗe: ragowar tuwo da shinkafa, takardu, kwalabe, da ledar ruwa wadda ta yawaita tun daga shekarun 1990. In tarin ya yi yawa sai a cinna masa wuta. Illar wannan a fili take. Leda ba ta ruɓewa, saboda haka jujin da ta shiga ba ya zama taki mai kyau. Hayaƙinta guba ne ga huhu. In akuya ta haɗiye ta, takan cushe mata tumbi har ta mutu. In kuwa ta toshe lambatu, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin hayayyafa.

Akwai kuma wata illa da ta fi waɗannan zurfi. Makarantu da yawa sun mai da shara horo. Yaron da ya makara shi ake ba tsintsiya. Ta haka yake tashi da tunanin cewa taɓa shara aikin mai laifi ne ko na leburori. Wannan yaro shi ne gobe zai zama babban sakatare, ya sa hannu a sayi motocin kwasar shara, ba tare da ya taɓa tambayar inda suke kai ta ba.

Hukuma ta sha gwada tilas. A zamanin Turawa akwai duba-gari. A 1984 gwamnatin soja ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, wanda daga baya ya haɗa da tsabtace muhalli. An share tituna, amma da tsoro ya gushe sai bola ta dawo, domin an koya wa jama'a kwashewa ne, ba sarrafawa ba. Ruwanda ta hana ledar zuba kaya a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Doka tana da amfani, sai dai ba ta maye gurbin tarbiyya.

Abin da makaranta za ta iya yi ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Na farko, a raba shara tun daga inda ta fito: mazubi ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na takarda, ɗaya na roba da ƙarfe da kwalba. Na biyu, a haƙa rami kusa da ɗakin girki, a riƙa jera ragowar abinci da busasshen ganye hawa-hawa, ana yayyafa ruwa ana juyawa. Cikin wata biyu zuwa uku za a sami takin lambun makaranta. Na uku, a yi yarjejeniya da 'yan gwangwan, su sayi roba da ƙarfe, kuɗin su shiga asusun ɗalibai. Na huɗu, a daina horo da tsintsiya. A mai da aikin na kowa, har da malamai, bi da bi.

A taƙaice, jami'ar da ke koyar da kimiyyar ƙasa a aji, alhali hayaƙin bola na shigowa ta taga, tana ƙaryata kanta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Manomin da ya ɗora mangala a kan jakinsa ya riga ya san darasin. Saura masu digiri su koya.