Rediyo Ta Shiga Aljihu, Amma Wa Ke Riƙe Da Hanyarta?

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, da shugabannin kasuwa, da iyayenmu mata da ke sauraro daga bayan rumfa, muna gode muku da kuka bar ciniki kuka zo. Laccarmu ta yau a kan rediyo take, watau hanyar da magana ke bi daga bakin mai faɗa zuwa kunnen talaka, da kuma wanda ke riƙe da wannan hanya.

Kunne ya girmi kaka. A 1944 aka kawo rediyo Kano, amma ta waya take zuwa. Akwati ne ake kafa wa mutum a ɗaki, ya riƙa biyan kuɗin wata, wasu lasifikoki kuma aka kakkafa a dandali. Ba a murɗa shi a nemi wata tasha. Abin da hukuma ta zuba a wayar, shi za ka sha. Daga baya rediyo mai batir ta zo, mutane suka kama BBC, wadda ta buɗe sashen Hausa a 1957, da Rediyon Kaduna ta 1962. Amma duk tashoshin gida na gwamnati ne, 'yan hamayya kuwa sun sha kukan ba a ba su fili. Sai a 1992 aka yi dokar da ta yarda ɗan kasuwa ya kafa tasha, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003.

To, yau kiɗa ya sake, rawa ma ta sake. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, intanet kuma ta biyo ta, magana ta sami sabuwar hanya. Tashar FM ba ta wuce inda dogon ƙarfenta ya kai. Yanzu kuwa tasha na sa shirinta kai tsaye a Facebook ko YouTube, ɗan'uwanmu da ke zangon Kumasi ko Jidda ya ji a lokacin da mutumin Kurmi ke ji. Wanda ciniki ya hana shi sauraro da safe, da dare sai ya nemo shirin. Wani kuma ya yanko minti uku ya tura ta WhatsApp, kafin la'asar ta zaga kasuwa goma.

Wannan riba ce babba a gare mu. A watan Oktoba 2022 gwamnatin Zamfara ta rufe wasu gidajen rediyo da talabijin don sun ɗauki taron 'yan hamayya. Da a zamanin waya ne, shi ke nan an binne maganar. Amma labarin rufewar kansa ta wayoyin mutane ya bazu. Kulle ƙofar tasha ba ya kulle aljihun talaka.

Amma jama'a, kada murna ta rufe mana ido. Akwai abu uku da za mu lura.

Na ɗaya, kuɗi. Maganar da ke zuwa ta iska kyauta ce, in ka sayi batir ka gama. Ta intanet kuwa kowane minti da farashinsa. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Mai tallar goro zai zaɓa tsakanin labari da cefane. Ashe kuɗin watan akwatin nan ya dawo, ya sake riga ne kawai.

Na biyu, makunnin ba a hannunmu yake ba. A Satumba 2021 an katse layukan waya a Zamfara kaf saboda 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako. A kwanakin nan waya ta koma fitila kurum, tsohuwar rediyo mai batir ita ta gaya wa mutane halin da ƙasa ke ciki. A shekarar nan dai gwamnatin tarayya ta toshe Twitter daga Yuni har Janairu 2022. Su kuwa Facebook da YouTube na kamfanonin Amurka ne, in sun so su rufe shafin tasha ba su shawarci kowa a nan ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na uku, ƙarya. Tasha tana da suna da ofis, in ta yi ƙazafi an san inda za a same ta. Muryar da ke yawo a waya ba ta da uba. Ana yanke jawabin mutum a haɗa farko da ƙarshe, yanzu ma akwai na'urar da ke kwaikwayon murya. Irin wannan na iya haɗa unguwa faɗa ko ya karya darajar kayan ɗan kasuwa a yini guda.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Kada kowa ya yar da rediyonsa, kada mu saki reshe mu kama ganye. A kowace mazaɓa a sami mutum ɗaya ya sauko da shirin da ya shafe mu, ya rarraba waya zuwa waya ba tare da kashe data ba, a kuma kunna wa waɗanda ba su da waya. Kada ku tura murya sai kun san tashar da ta fito da ranar da aka yi ta. Ku 'yan kasuwa, ku kai tallarku tashar da ke ba kowane ɓangare fili, gama da kuɗin talla tasha ke sayen man injin. Ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a kuwa, ko namu ne, ku tambaye shi a gaban jama'a ko zai rufe tashar da ta soke shi in ya hau.

Allah Ya ba mu sa'a, Ya kawo kasuwa mai albarka.