Kaifin Kibiya Kafin a Shiga Daji

Ranka ya daɗe Mai Gari, Allah gafarta Malam Liman, Sarkin Baka da sauran maharba, sannunku da zama.

An gama girbi, ciyawa ta fara bushewa, samari sai zumuɗin shiga daji suke yi. To, kafin kowa ya rataya kwarinsa, ya zazzage kibau ya duba, don damina ta bar musu tsatsa. Kibiya maras kaifi ba ta kayar da gada nan take. Sai dai ta raunata ta, ta shige kurmi da ciwo, ta mutu can ungulu su ci. Malam yana nan zai gaskata ni: abin da aka harba da bisimilla kaifi ya huda shi ya halatta, amma wanda bugun gefen makami ya kashe, mushe ne.

Wasin kansa ba wuya. Ka dafe kibiyar a kan kututture, tsinin yana kallon gaba, ba cinyarka ba. Ka tura magagari daga gindin ƙarfen zuwa tsini, hannu ɗaya, ba kai-da-kawowa kamar mai zarto ba. Yadda ka ci wannan gefe, haka za ka ci wancan. Kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu a baya irin ta Turawa, nauyin ƙarfen ne ke jan kyauron, saboda haka in gefe ɗaya ya fi sirancewa sai ta riƙa karkata. Daga nan sai dutsen wasi da ɗan ruwa, ka ƙarasa a kan busasshiyar fata. Kunnuwan kibiyar kuwa a taɓa su kaɗan, in sun yi siriri karyewa suke yi. Gwaji a kan zare ko tsinken fata ake yi, ba a kan yatsa ba. A duba ɗaurin jijiya inda ƙarfe ya shiga kyauro, a shafa ɗan man kaɗanya.

Sai maganar dafi. Wasi ake fara yi kafin a shafa. Kibiyar da ta riga ta sha ƙwanƙwani, kada wanda ya ɗora mata magagari: wannan dafi zuciya yake tsayarwa, ƙaramin yanka a hannu ya isa ya shiga jini. Iyaye mata, in kun ga maigida ya zauna wasi, ku janye yara. Kwari kuma a rataye shi can sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa ko ya taka turmi.