Likitan da ya koya wa duniya ceton wanda ya shaƙe



Ana tsakiyar cin abinci, sai tsokar nama ta maƙale wa mutum a maƙogwaro. Ya kasa magana, ya kasa tari, ya dafe wuya da hannu biyu. A irin wannan lokaci ne ake tuna Dakta Henry Heimlich, likitan tiyatar ƙirji ɗan Amurka da aka haifa a 1920.

A 1974 ya fito da dabararsa: ka tsaya a bayan mutumin, ka rungumo shi, ka ɗora dunƙulen hannu sama da cibiya kaɗan, ka danna ciki ka jawo sama da ƙarfi. Iskar da ke cikin huhu ita za ta tunkuɗo abin waje. Amma ba a yi wa jariri haka.

Tun kafin nan, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Sin, Heimlich ya ga wani soja ya mutu da raunin harsashi a ƙirji. Abin ya tsaya masa a rai, har daga baya ya ƙera ɗan bututu mai bakin roba wanda ke fitar da iska da jini daga ƙirji, ya hana su komawa. An yi amfani da shi sosai a yaƙin Biyetnam.

Sai dai mutum tara yake bai cika goma ba. Da ya ce a sa wa masu cutar ƙanjamau zazzaɓin cizon sauro don magani, likitoci sun yi masa ca.

Ya mutu a 2016 yana da shekara 96. Dabararsa ta ceton wanda ya shaƙe kuwa, ya kamata a iya ta a kowane gida.