Ƙurar Dutse da Makomar Gininmu



Da jar ƙasa kakanninmu suka tayar da hasumiyar Gobarau, ga ta nan tsaye har yau. Mu jikoki kuwa, ko tayil ɗin daɓen ɗaki sai an kawo mana daga nesa, alhali duk inda injin fasa dutse yake aiki, ƙura da ɓarɓashi na nan jibge.

Wannan ƙurar dukiya ce. Akan gauraya ta da fasassun kwalabe da farar ƙasa, a narkar a zafin da ya kai digiri 1,400, ta zama gilashi. Sai a sake gasa shi sannu a hankali har ya rikiɗe ya zama tangaran mai ƙarfi, wanda ba ya shan ruwa. Tun shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta yi haka da kashin ƙarfen masana'antunta.

Matsalarmu wuta ce. Murhun nan ba ya jure ɗaukewar lantarki. Don haka kada ƙungiya ta yi gaggawar sayen inji. Ina roƙon a fara kai buhu guda na ƙurar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a auna, a kawo mana sakamako a taron baɗi.