Kafin ka jona tsohuwar na'urar gem a wuta

Yau hirarmu a kan tsofaffin na'urorin wasan gem ne, irin waɗanda ake jonawa da talabijin a sa musu kaset. Da yawa cikinmu, daga Maraɗi har Garwa da Njamena, da su muka tashi. Yanzu wasu na zaƙulo su a kasuwar gwanjo ko ƙarƙashin gado, don su nuna wa 'ya'yansu yadda aka yi yayin Super Mario. Abin takaici, na'urar da ta kwana shekara talatin lafiya, sau da yawa a minti ɗaya mai ita ke kashe ta.

Mu fara da wuta. Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a Japan a 1983, sannan ya kai ta Amurka a 1985 da sunan NES. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 220 zuwa 230. Ka jona adaftar Japan kai tsaye a bangonmu, sai dai ka ji ƙauri. Don haka ka karanta rubutun da ke jikin adafta tukuna, in ya zama dole ka nemi taransifoma mai rage wuta. Kuma kada ka ce ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: adaftar NES irin wutar da take fitarwa daban, tana iya ƙona Famicom.

Na biyu, hura kaset. Wa bai yi ba? Hoto ya ƙi fitowa, sai a zare kaset a yi masa fuu, a mayar. To jama'a, ba iskar ce ke gyara shi ba, zarewa da mayarwar ce ke sa haƙoran ƙarfen su haɗu. Danshin baki kuwa tsatsa yake jawowa sannu a hankali. Abin yi shi ne a samu tsinken auduga na goge kunne, a ɗan jiƙa shi da sipirit, a goge haƙoran, a bari su bushe. Da hunturu kuma a rufe na'urar da ƙyalle, don ƙura babbar abokiyar gabarta ce.

Na uku, wasu kaset-kaset, irin su Zelda na 1987, suna da ƙaramin batir a ciki, shi ke riƙe inda ka tsaya a wasa. In ya mutu, kaset ɗin bai lalace ba. Mai gyaran rediyo na unguwa zai sauya shi da ɗan ɗigon dalma.

Sai kuma tsohuwar talabijin mai tudu a baya. In kana da ita, kada ka yi saurin sayar wa 'yan gwangwan. Bindigar wasan harbin agwagi, Duck Hunt, ba ta aiki da filasima, sai da irin waccan.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ka duba, ka goge, ka tambayi mai gyara, sannan ka kunna. Ladar ita ce ranar da za ka miƙa wa ɗanka abin dannawa, ya lallasa ka a wasan da kake taƙama da shi.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.